Sai Karen Ya Fara Ci

Kifi idan aka dafa shi ba gishiri, ba albasa, ba barkono, ƙamshinsa daban ne. Wani ma ba zai kira shi ƙamshi ba, ƙarni zai ce. Kwanakin baya na ji shi a gidan jikana, can bayan gari inda suka yi gini, sai na ajiye carbina. Matarsa ce take tafasa tarwaɗa. Na ce wa za a ba wannan salam haka? Ta ce wai likitan dabbobi ne ya ce a riƙa dafa wa karensu, abincin buhu ya daina karɓarsa. Ba ta san inda ta mayar da ni ba.

Yakasai ta mayar da ni, cikin birnin Kano, gidanmu na ƙasa, ina yarinya ko tallan goro ba a fara ɗora mini ba.

Kakanmu mafarauci ne. Ka san cikin birni ba a ajiye kare sai da dalili, kuma dalilin da unguwa take ɗaga wa ƙafa shi ne farauta. Ni da na yi wayo ya riga ya daina fita. Gwiwa ta ƙi. Gorarsa da barandaminsa da warkinsa suna rataye a zaure, gizo-gizo ya yi musu saƙa. Abin da ya rage masa na daji mai numfashi shi ne tsohon kare ɗaya, ja, mai farin ƙirji, kunnensa na hagu a yage. Abokin tafiya yake ce masa. Karen nan bai taɓa wuce soro na biyu ba. Kaskonsa daban a jikin bango, ba mai taɓawa sai mai shi.

To, kakanmu yana da wata ƙa'ida da ya taho da ita daga wurin wanda ya koya masa farauta. Ba ya sa hannu a akushi sai karen ya fara ci. Za a kawo masa tuwo, ya ture shi gefe, ya jiƙa ƙanzo, ya zuba a kasko, ya ɗora ƙashi in akwai. Sai ya ga an lashe kaskon nan sannan ya wanke hannu. Ya ce wanda ya yi maka gudu a dawa, ya shiga ƙaya dominka, ba ka ci yana kallo.

Kakarmu kuwa 'yar malamai ce, mutanen Barno. Tana ƙarama mahaifinta ya taho da su Kano da littattafansa. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa shiga harkar kare ba. In jelarsa ta shafi zanenta, zanen nan sai wanki. Ko kare ba ta cewa. Sai dai ta ce wa kakanmu, "Malam, janye ɗan'uwanka zan wuce."

A farkon wata damina, lokacin da kududdufai suka fara cika, kwaɗi suka hana kunne hutawa, wani mahauci maƙwabcinmu ya aiko da ƙaton ƙashin saniya. Alheri ya yi nufi. Karen ya kama gwagwiya da haƙoran da suka riga suka tsufa. Ɗaya ya karye, dasashi ya kumbura, baki ya koma gefe guda. Washegari aka zuba ƙanzo, ya shinshina, ya kwanta. Kakanmu ya dubi kasko, ya dubi akushi, ya ce a mayar da tuwon ciki.

Mun ɗauka na yini ɗaya ne. Ashe ba haka ba.

Kakanmu ruwa kawai yake sha, sai ɗan goro. Mutumin da yake da faɗin ƙirji, muna kallo rigarsa ta fara yi masa yawa. Sallah ta koma a zaune. Mahaifina marini ne a Ƙofar Mata, yakan dawo da hannu shuɗi har gwiwar hannu, ya durƙusa a zaure yana roƙo. Da abin ya ƙi, sai ya ɗauko limamin unguwa. Ina bayan ƙyaure na ji liman yana cewa wannan ƙa'ida ba ta cikin littafi ko ɗaya, kuma jiki amana ne.

Kakanmu ya ce, "Na sani, Malam. Ban ce addini ba ne. Alƙawari ne."

Bayan liman ya tafi, mahaifina ya shiga ɗakin kakarmu. Ya ce shi ya yanke shawara, da safe zai sa a ja karen a kai shi bayan badala a saki. In babu kare, babu abin jira.

Kakarmu tana kaɗa mazari, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "In ka fitar da shi, ka biya ka sayo likkafanin ubanka a hanya. Ni na zauna da mutumin nan, kai haifarka kawai ya yi."

"To Inna, yaya za a yi?"

"A sayo mini kifi."

Kakarmu gwana ce a girki, har gidan biki ake ɗaukarta. Da aka kawo banda, wato ƙyafaffen kifin nan na ƙasarsu, sai ta yi masa irin girkin da ta sani. Ta soya albasa, ta zuba daddawa, ta sa barkono da masoro da gishiri, unguwa ta ɗauki ƙamshi. Ni aka ba na kai bakin soro, kakanmu ya juye a kasko. Karen ya kai hanci, ya yi atishawa. Yunwa ta sa ya lasa kaɗan, yaji ya taɓa ciwon, ya ja da baya yana kuka ƙasa-ƙasa. Can kuma ya amayar da ɗan abin da ya shiga.

Kakanmu ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, duk da muryar ta shaƙe. Ya ce, "A gaya mata ba surukinta ne ya zo ba. Kare ne."

Na zaci za ta yi fushi. Ba ta yi ba. Ta zauna a kan turmi ta daɗe, sannan ta ce ta tuna. Kafin su baro gida ta taɓa zama wurin dangin mahaifiyarta, masunta a bakin tafki, kuma karnukansu kifi suke ci, ba mai tambayarsu ko ya ji gishiri.

Da safe ta yafa mayafi ta fita da kanta, ina riƙe da kwando. Ta zaɓi tarwaɗa mai rai, ta ce ita ce mai ƙarancin ƙaya. Ta sayi sabuwar tukunyar ƙasa ƙarama, da yankin kabewa. Da muka dawo ta murje kifin da toka har yauƙin ya fita, ta cire kayan ciki, ta ɗauraye, ta sa a ruwa zalla. Da ya nuna ta tsame shi a faifai ya huce. Cikin romon ta zuba tsakin gero da kabewa, ta bar su suka narke, daga baya ta watsa ɗan ganyen zogale.

Sannan aka zo aikin da ya fi cin lokaci. Ta zauna ta miƙe ƙafa, tana murje tsokar nan tsakanin yatsu, kaɗan-kaɗan. Idonta ya riga ya yi rauni, da yatsa take gani. Duk ƙayar da ta ji sai ta ajiye a murfin kwano. Ta gama, ta sake bi. Ta ce mini ƙaya ɗaya in ta tsaya a maƙogwaro, aikin duka ya tashi a banza. Ta haɗe tsokar da faten, ta jira har ya zama ba zafi ba sanyi, ta gwada a bayan hannunta kamar kunun jariri.

Na miƙa hannu zan ɗauka. Ta ce bari.

Ita da kanta ta ɗauki tukunyar ta ratsa soro ta fito zaure. Ta tattare zanenta da hannu ɗaya, ta sunkuya, ta zuba a kaskon da ba ta taɓa ko kusanta ba. Ta tura shi da ɗan kara har gaban karen.

"Malam, ga abincin ɗan'uwanka."

Karen bai dubi kasko ba, maigidansa ya duba. Kakanmu ya yi masa wani ɗan sauti da harshe, irin wanda suke yi a daji. Sai ya miƙa wuya. Ya lasa sau ɗaya, ya tsaya, kamar yana jiran zafin da ya ji jiya. Bai zo ba. Ya sake lasa. Daga nan ba abin da ake ji a zauren sai harshe a kan kasko, da ruwan sama da ya fara sauka daga indararo.

Kakanmu bai motsa ba sai da kaskon ya yi fes. Sannan ya ce, "Mutane fa, an dafa musu wani abu?"

Ashe tun kafin ta haɗa, ta ɗebi rabin tsokar da rabin faten ta ajiye a akushinsa. Ta ce in ɗauko. Ta buɗe ta ajiye a gabansa, ta ce, "Tukunya ɗaya ce. Naka dai da gishiri."

Ya wanke hannu. Mahaifina da yake tsaye a bakin ƙofa ya juya fuska waje, ya daɗe yana kallon ruwa.

Daga ranar tukunyar nan ba ta sake hutawa ba. In babu tarwaɗa, sai ta jiƙa banda a ruwan zafi har hayaƙin ya fita. In babu kabewa, dankali. Kumburin ya sace, gashin karen ya dawo da sheƙi, ya ƙara ganin wata daminar, har da wata. Zanenta kuwa ba ta fasa wankewa ba in ya shafe ta. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Yanzu zauren nan shago ne, ana cajin waya a ciki. Karen jikana na ƙasar waje ne, yana da kati da allura, yana zaune cikin keji, kuma ban ga wanda yake jiran ya ci kafin a ci ba. Ban ce laifi ba ne. Zamani ne.

Amma ranar nan da na ga matar jikan nawa za ta juye kifin yadda yake, sai na ce ta kawo faifai. Na miƙe ƙafa na murje mata tsokar nan, na bi na sake bi. Nawa idon ma ya tafi, haƙoran sun bi shi, amma yatsun ba su manta ba. Da muka gama ta ce, Kaka, ke kuma me za a dafa miki?

Na ce ba sai an ɗora wata tukunya ba. Ta kai wa karen nasa ya fara ci, ta ɗebo mini sauran, ta barbaɗa gishiri.