Ranar da Na Wanke wa Kaka Haƙora

Shekaranjiya wuta ta ɗauke mana a ɗan shagon da muke aikin zane a unguwar Maisandari, cajin na'urorinmu ya ƙare ƙaf. Wata abokiyar aikina ta ce ita kam ba za ta zauna jiran wuta ba, ta zaro fensir daga jaka, ta sa reza ta hau fiƙe shi. Ƙamshin itacen nan yana bugun hancina na tsaya cak. Mai karatu, in ka taɓa mallakar fensir mai launi kana yaro, ka san ƙamshin da nake nufi. Ni dai nan take ya mayar da ni gidanmu na Old Maiduguri, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, gaban tabarmar Kaka.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Doguwa ce baƙa, ga tsagar Kanuri ta sauko mata daga goshi zuwa karan hanci, sauran sun jeru a kumatunta. Ɗakinta kullum a turare yake, har kayanmu na makaranta sai sun ɗauki ƙamshi in muka ratsa ta ciki. Amma abin da ta fi ji da shi a duniya haƙoranta ne. Kowace hantsi za ta zauna da furen taba da goro, ta yi ta gogawa a hankali har su yi jajawur suna sheƙi, sannan ta duba ɗan madubinta ta gyaɗa kai. Hausarta ta kasuwa ce, in magana ta yi zafi sai ta watsar da ita ta koma Kanuri. Ni kuwa ba ta kirana sai da “angona”, kuma kullum ƙorafinta ɗaya, wai ta auri mijin da ko gishirin miya bai taɓa kawowa ba.

A ɗakin da ke kusa da zaure akwai wata malamar firamare, mutuniyar kudancin Borno, da take haya. Ita ta fara lura da cewa duk inda aka ajiye gawayi a gidan sai ya ɓace, washegari kuma a ga akuya ko keke ko mai tallar kifi a jikin bango. Maimakon ta kai ƙarata, da ta dawo daga hutun Kirsimeti sai ta miƙo mini kwalin fensir masu launi. Wayyo daɗi! Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Na zana agwagin makwabta, na zana motar itace da ke zuwa daga Konduga, na zana malamin lissafinmu da kunnuwa kamar faifai.

To, malamin lissafin nan shi ya ja mini. Sakamakon jarrabawa ya fito a tsakiyar bazara, lokacin da zafin garin nan yake sa mutum ya ji haushin rigarsa. Baba akawu ne a ofishin gwamnati, mutum ne marar yawan magana, burinsa in zama likita. Ya duba takardar, ya dube ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce in kawo kwalin. Ya ce ranar da zai je Konduga gaida dangi zai kai wa ’ya’yan ƙanensa, kuma daga yau in ya sake ganin zane a gidan nan, ko a bango ko a takarda, ni da shi ne. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Na shige bayan randa na yi kuka har na gode Allah.

A nan sai na yi maka bayanin yadda Baba yake da Kaka, domin yaran yanzu ba za su gane ba. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Shi kuma in zai gaishe ta, tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa har ya tashi. In tana da saƙo gare shi, sai ta faɗa wa bango, ko buta, ko duk yaron da ke kusa. Mu dai haka muka taso muka gani, ba mu taɓa jin abin baƙo ba.

Da yamma ya zo gaisuwa, sai Kaka ta juya ta fuskanci butarta.

“A gaya wa mai gidan nan,” in ji ta, “a ara wa angona alƙalumansa ya zana ni. In aminiyata ta gani ta gane ni ce, a bar masa abinsa. In ba ta gane ba, a kai Konduga, ni ma na huta da ɓarnar gawayi.”

Baba ya ce, “To,” yana kallon tabarma.

Aminiyar nan tata wata tsohuwa ce mai haɗa turaren wuta a bayan layinmu, tare suka yi ’yanmatanci. Bakinta ba linzami, ba ta kuma san kara ba. Na san in na kuskure, ba za ta rufa mini asiri ba.

Sai na ce bari in yi wa Kaka gata. Duk matan da na taɓa gani a zane, a littafin makaranta ko a kalandar shagon tela, fuskarsu sumul take, haƙoransu farare tas. A ƙaramin hankalina haka ake zana mutumin da ake ƙauna. Ban ma zauna a gabanta ba, can lungu na shige. Na share tsagar nan duka, na miƙar da kumatu, na ɗan ƙara mata haske. Da na zo kan baki, na bar haƙoran fari fat, har da ɗigo na sa a gefe wai suna walƙiya. Na kawo ina taku ɗai-ɗai, ina jiran a yi mini guɗa.

Kaka ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta juya takardar ko akwai wani abu a baya.

“Wannan ’yar waye?”

“Ke ce mana, Kaka.”

“Ni? La ilaha illallahu! Jama’a ku zo ku gani, angona ya yi budurwa a waje, har ya kawo mini hotonta cikin gida!”

Kamar haɗin baki, sai ga aminiyar ta yi sallama, ta zo aron turmi. Ba wanda ya ce mata komai, ita ta leƙa da kanta. Ta ce yarinyar ba laifi, amma a gaya wa uwarta ta riƙa kula da bakinta, mace har ta girma haka da haƙora kamar na ɗan akuya, wa zai aure ta? Tsofaffin nan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma da aminiyar ta tafi, na ga fuskar Kaka ta canza. Ta zuba mini Kanuri mai zafi, abin da na tsinta a ciki shi ne, tun tana budurwa take wahala da haƙoran nan, da su aka san ta, da su kakana ya gan ta ya rasa sukuni, ni kuma na zo rana ɗaya na wanke mata su kamar kwano. Tsagar kuwa, ta ce in na share ta, to ’yar gidan wa ta zama?

Ranar na ji kunya, na kuma ji tsoro, don tafiyar Baba ta matso. Sa’ar da na ci ita ce aminiyar ba ta san gwaji ba ne, Baba kuma yana ofis. Kaka ta ce wannan ba ya cikin lissafi, ai ba ita aka zana ba.

Washegari da hantsi ta kira ni, ta sa na zauna dab da gwiwarta.

“Ɗago kai. Kai jika ne, an yafe maka. Kalle ni da kyau, ba na cizo.”

Ka san wani abin mamaki? Kullum ina tare da matar nan, ina cin abincinta, ina satar mata goro, amma ban taɓa kallonta ba sai ranar. Ashe tsagar ba a miƙe take ba, ta kumatun hagu ta ɗan karkace, wai motsi ta yi a hannun wanzami. Ashe idonta ɗaya ya fi ɗaya lumshewa. Ashe jan haƙoran ma kala-kala ne, na gaba sun yi duhu kamar zoɓo, na gefe sun fi haske. Sannan ga wani ɗan tabo a gefen girarta ta dama, wanda ba na wanzami ba ne. Na tambaye ta, ta ce in yi aikina in bar tsegumi.

Mun ɗauki kwanaki muna wannan zama. Ba ta iya zama shiru, sai ta yi ta ba ni labarin zamanin da unguwarmu ita ce garin, tana taunar goro, ni kuma ina cewa ta daina motsa baki. Iska mai zafi tana kaɗo busassun ganyen darbejiya kan takardar, gumin hannuna yana ɓata gefe. Malama takan leƙo in ta dawo daga makaranta, ba ta gyara mini komai, sai dai ta fiƙe mini fensir ta wuce. Jan fensirin sai da ya koma guntu, da ƙyar nake riƙe shi.

Ranar hukunci hadari ya haɗu ta gabas, na farko a shekarar, garin ya yi lif. Baba ya zo ya durƙusa inda ya saba. Aka aika aka kira aminiyar. Tun daga bakin ƙofa ta hango takardar a hannuna, ta tafa hannu.

“Ho! Wa ya sa muguwar nan a takarda? Har da karkatacciyar tsagar! Kai yaro, ka ji tsoron Allah, ko ɗan ragi ba ka yi mata ba?”

Kaka ta washe baki, ta ce wa buta a shaida.

Na miƙa wa Baba takardar don ya tabbatar. Na zaci kallo ɗaya zai yi ya ajiye. Sai ya riƙe ta da hannu biyu. Yayyafi ya fara sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, mata suna ta kwashe shanya, shi ko motsi bai yi ba, sai ma ya sunkuya ya kare takardar da jikinsa. Yana bin layukan da ido ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ban gane ba, sai da na girma. Mutumin nan ya haura shekara arba’in, ya san muryar mahaifiyarsa, ya san takunta, ya san ƙafafunta da gefen zanenta, amma tun da ya yi wayo bai taɓa ƙare wa fuskarta kallo ba.

Can ya sa yatsa a kan tabon gira, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, “Wannan fa? Kuskuren fensir ne?”

Kafin in buɗe baki Kaka ta amsa, tana kallon bango.

“A gaya wa mai tambaya, wani jariri ne mai ƙiriniya. Ina goye da shi ina jan ruwa, ya fizge mini gashi, na juya, guga ya sare ni. Har yau bai ba ni haƙuri ba.”

Baba ya yi dariya. Ban taɓa jin ya yi dariya a gabanta ba sai ranar. Ya sa hannun riga ya goge ido, ya ce ruwan sama ne. Sannan ya ce wa tabarma, “A yi haƙuri.” Kaka ta ce wa bango, “Ya wuce.”

Kwalin fensir ya zama nawa, da sharaɗin in daina yi wa malamin lissafi kunnuwa. Likita dai ban zama ba.

Yau zane ne sana’ata. Ni da abokaina, matasa maza da mata, muna yi wa littattafan yara hotuna, yawanci a kan na’ura, inda da taɓawa ɗaya za ka goge duk wani tabo a fuskar mutum. Wani lokaci masu ba mu aiki sukan ce a ɗan gyara tsohuwar nan, a haskaka ta, a sa mata fararen haƙora kada yara su tsorata. Nakan yi musu gardama har su gaji su bar ni. Ba wai ina so a dawo da aska kan fuskar jarirai ba ne, wannan ya wuce, kuma gara da ya wuce. Furen ma yanzu sai ka zagaye unguwa ba ka ga mai gogawa ba. Amma matan nan sun rayu, sun yi ado irin nasu, an so su a haka, kuma ina so yaro ya buɗe littafi ya ga kakarsa.

Kunyar ɗan fari ma ta tafi. ’Yata ta fari har gemuna take ja, uwarta na kiran sunanta tun daga bakin titi, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai. Kaka ta rasu ina sakandare, Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Baba ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, ba ya iya karanta jarida. Kwanan baya na je gaishe shi, ya jawo takardar nan daga ƙarƙashin matashinsa, ta yi laushi, launin ya koɗe. Ya ce, “In ka samu sarari, ka sake mini ita babba. Na daina ganin tabon.”