Kunnen Kibibi da Taurin Kan Wakesho

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, aka bugo waya daga Mombasa cewa Wakesho Mghanga, shugabar sashenmu na tantance giwaye a Voi, ta cika. An ce in rubuta ta'aziyya a madadin abokan aiki. Zan rubuta, Yaya Wakesho, amma ki sani har yanzu ina jin haushinki.

Ke kika ƙera manhajar da muke cin abinci da ita. A ba ta hoton giwa, ta zana gefen kunnen, ta karkata zanen, ta ƙara masa girma ko ta rage, har ya hau kan ɗaya daga cikin kunnuwan da muka adana, yaga kan yaga, huda kan huda. Idan ya hau, mun san giwar. Amma duk ofishin nan ba wanda ya kai ki rashin yarda da ita. Na'ura ta ce ya dace, kowa ya miƙe zai tafi shan shayi da mandazi, irin fanken mutanen nan, sai ki ce, "Mwakio, ina zuwa? Mandazin ba shi da ƙafa. Zo ka duba da idonka." Sau nawa shayina ya huce saboda ke! Ke ɗin ce kuma kika ɗauki mahaifiyata a motarki ranar da ta karye, kina yi mini faɗa har ƙofar asibiti wai na yi sakaci da lafiyarta.

Sai ga maganar Kibibi. Wata giwa ta faɗa gonar masara a gindin dutsen Sagalla, ta karya wa manomin ƙugu, matarsa ta samu ta ɗauki hoto da waya. Muka saka hoton, kunnen ya hau daram kan kunnen dama na Kibibi, tsohuwar giwa mai shayarwa. Hukuma ta ce sa hannunki kawai ake jira a harbe ta. Ranar kuwa ita ce ranar da likita zai duba kumburin wuyanki a Mombasa, bayan kin yi ta ɗage masa har ya gaji.

Na ce, "Yaya, don Allah ki sa hannu mu kama hanyar Mombasa."

Kika nuna dutsen da wata rijiya da suka fito a bayan giwar cikin hoton, kika ce, "Kai dai idonka na mandazi ne. Tun yaushe dutsen Sagalla ya koma hagun rijiyar nan?"

Maimakon asibiti sai kika nufi gonar, wai sai kin tsaya inda matar ta tsaya. Ashe tana gudu ne ta ɗaga wayar ta kan kafaɗa, da kyamarar gaba, mai juya hoto kamar madubi. Kunnen hagu ne ya koma na dama. Da muka juya shi, ya hau kan na wani toron giwa, aka kwashe shi can nesa da gonaki. Na ce to, alhamdulillahi, sai asibiti. Ina! Kika ce sai kin koya wa manhajar gwada kowane kunne ta fuska biyu, kada a sake. Na yi roƙo, mijinki ya yi, har ƙaryar lalacewar na'ura na yi, kika gyara ta kina dariya. Damina ta shiga ta fita. Da kika ga dama kika je, likita ya ce an makara.

Jiya na ga Kibibi a bakin tafki, tana watsa wa ɗanta ruwa, hankalinta kwance. Ko sunanki ba ta sani ba. Na tsaya ina kallonta, na rasa ko in yi murna ko in jefe ta da dutse, sai kawai na yi kuka.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa aikinki ya bi ki. Muna miƙa ta'aziyya ga mijinki Mwandawiro, da 'ya'yanki Mkamburi da Mshila, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya yafe miki dukkan kura-kuranki, Yaya. Na ranar likitan nan kuwa, ni ma ina ƙoƙari.