Fayil Bakwai da Sunan Yaya

Baffana, ƙanin babanmu, makanike ne. Mai Giya ake kiransa, don shekara talatin ba abin da yake taɓawa a mota sai akwatin giya. Da motoci masu canza giya da kansu suka cika gari, sa'o'insa da yawa suka watse. Shi kuwa, yana da shekara hamsin, ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya ɗaure tabaraunsa da zare, ya koyi shiga ƙwaƙwalwar mota da yatsa ɗaya. Yakan jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya gaya wa mota lokacin da za ta canza giya da yadda za ta amsa totur. Magana kuwa sai an ciro ta daga bakinsa da filaya. Masu son mota ta riƙa zabura, kallo ɗaya yake musu ta saman tabarau su kama gabansu.

Babanmu direban wata dattijuwa ne, shi ke kai ta asibiti da gidajen 'ya'yanta. Tuƙi shi ne mutuncinsa. Ya sha faɗa mana cewa ranar da fasinja ya gyaɗa kai a motarsa ba da niyya ba, ranar zai ajiye makulli. Duk bayan wata huɗu ko biyar yakan kai wa Baffa motar a duba mai, su zauna a benci ba mai ce wa wani uffan.

Wata Laraba ɗan dattijuwar ya ɗauki motar ya kai kamfani aka yi mata sabis. Can suka sabunta manhajar ƙwaƙwalwarta, komai ya koma yadda aka ƙero shi. Washegari Baba ya ɗauke ni zai sauke ni wurin aiki. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi motar ta fizge mu sau huɗu, har goshina ya kusa dukan gilashi. Baba ya yi ta tsine wa 'yan kamfani, ya juya kan mota sai garejin Baffa.

Da Baffa ya ji inda aka kai motar, sai na ga ya sha jinin jikinsa. Ya jona waya, ya buɗe kwamfuta, ni kuma da shegen son ganin ƙwaƙwaf na leƙa ta kafaɗarsa. Al'adarsa ce ya adana kowane gyara da sunan wanda ya kawo motar, kuma ba ya goge komai. Ga su nan a jere da sunan da yake kiran Baba: Yaya 1, Yaya 2, har Yaya 7. Na farkon shekararsa uku.

Na karanta su da ƙarfi, ban san wuta nake kunnawa ba.

Baba ya matso kusa da ƙanin nasa. "Auta, me ka gyara sau bakwai a motar da ba ta taɓa lalacewa ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baffa ya buɗe wani zane a allon, layi ne mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Ya ce wannan motsin ƙafar Baba ne a kan totur. Tun shekara uku da suka wuce ya lura tana rawa. Sai ya sa motar ta daina jin ƙananan motsi, ta riƙa jinkirta canza giya har ƙafar ta natsu. Duk lokacin da rawar ta ƙaru, sai ya ƙara tausasa ta. Na bakwai shi ne iyaka, babu sauran abin da zai iya sassautawa.

Raina ya ɓaci. Ashe mutumin nan ya riga kowane likita sanin ciwon ubana, ya haɗiye. Na tambaye shi birki fa, shi ma ya tausasa? Ya ce ba a taɓa birki. Watau ƙafar nan haka take taka shi, da dattijuwa a baya, duk ranar Allah.

"Na so in faɗa maka, Yaya," in ji Baffa. "Kullum sai in ga yadda kake goge sitiyarin, in kasa."

Baba ya zauna a benci, ya cire takalmin dama, ya ɗora ƙafar a kan wata tsohuwar taya yana kallonta. Mu uku muna kallo, ita kuwa tana ta karkarwa. Ya sa hannu ya danne ta, hannun ma ya ɗauka.

Baffa ya ce cikin minti goma zai iya mayar da na bakwai, ba wanda zai sani. Yatsansa na kan madannin.

"Cire wayarka, Auta," in ji Baba.

Ya sa takalminsa, ya ce in kira ɗan dattijuwar ya aiko wanda zai ɗauki motar. Sannan ya tambaye ni inda ake tsayawa a hau motar haya zuwa unguwarmu, don shi bai sani ba.