Randar Inna da Tiyon Kwamfuta

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce. Shagona yana Jibiya, a bakin titin da ya miƙe zuwa kan iyaka, inda manyan motocin hatsi ke jeruwa suna jiran a ba su hanyar Maraɗi. Nakan ɗauki biki a nan, in tsallaka in ɗauka a can, sannan in dawo in zauna gaban kwamfuta ina yanke inda ango ya yi hamma, ina sa kiɗa inda amarya ta yi murmushi. Kwamfutar guda ɗaya ce tal, ta tebur, mai ƙaton akwatin ƙarfe. Da sanyi lafiya lau muke da ita. Amma da bazara ta shigo, kwanon shagon ya ɗauki zafi, sai ta fara huci, fankarta na kururuwa, can kuma ta ɗauke ɗif ba ko sallama. Abin haushin, da sola nake aiki, don haka ba ni da wuta sai lokacin da rana ta fi zafi.

A shekarar da nake ba da labari akwai aikin da ya tsaya mini a rai. Bikin 'yar yayata ne, kuma ba a daɗe da yin sa ba Allah ya yi wa Innarmu rasuwa. Inna ba ta son kyamara ko kaɗan. Da ka ɗaga ta, za ta juya maka ƙeya. A wannan bikin kaɗai na samu na kama ta tana motsi tana magana, kuma maganar ma faɗa ne take yi mini. Na gama yanke-yanke da jere-jere, saura mataki na ƙarshe, inda kwamfuta ke ɗinke guntayen su zama fim ɗaya. Wannan matakin yana cin awoyi, kuma shi ne ke dafa ta. Kullum sai ta yi nisa, ta mutu, in koma farko. Duk mutuwar da ta yi kuwa, tashinta na gaba ya fi wuya. Tsoro ya kama ni sosai, kada wata rana ta ƙi tashi da Inna a cikinta.

Yaya kuwa ba ta san wannan ba, kuma ba ta son sani. Kullum sai ta kira.

"Auta, wai him ɗin nan sai mun bi Inna sannan za ka gama shi?"

A waya na ga yadda wasu mutanen ƙasashen waje ke sanyaya kwamfuta da ruwa. Ana ɗora wani ɗan ƙarfen jan gaci mai rami a kan ƙwaƙwalwarta, ruwa ya shiga ta tiyo ɗaya, ya kwashi zafi, ya fita ta ɗayan. Nasu har da gilashi da fitilu masu launi. Na kalla na sake kalla, na ce ashe wannan shi ne abin da tirela ke yi tun kafin a haife ni. Na saɓi akwatin kwamfutar, bayan na kwashe kayan cikinsa, na nufi gareji wurin mai gyaran lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin mota.

Mutumin nan hannunsa bai saba da ƙaramin abu ba. Na nuna masa inda nake son ƙofofi biyu, daidai kaurin ɗan yatsa, don tiyo ya wuce. Ya juya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi, ya taɓe baki.

"Injiniya, wanga ai gwangwanin madara ne. Tsaya daga baya."

Kafin in buɗe baki ya kunna abin yanka. Ƙofar farko ta fito, kan jariri zai shiga. Na yi ihu. Ya ce iska za ta fi shiga, in gode masa. Ta biyu ya yi ƙoƙari ya rage, sai ta fito a karkace. Ya liƙa wani maƙali da walda inda famfo zai zauna, fentin gefen ya ƙone ƙurmus, ya ɗauko ragowar jan fentin wata tirela ya shafe. Har yau kwamfutata gefenta ɗaya ja ne. Amma ɗan ƙarfen jan gacin da ya ƙera mini, gaskiya ya yi shi da kyau, ko ɗigo bai taɓa yi ba.

Famfo na samu ƙarami a wurin masu kayan mota. Tiyo ne ya ba ni wahala, domin a Jibiya kusan duk tiyon da ka ɗaga ya taɓa zuƙar fetur, ko da mai shi ya rantse maka sabo ne. Sai da na aika Katsina aka kawo mini wanda ke cikin ledarsa. Saura abu ɗaya. Ruwan da ya kwaso zafi dole ya samu inda zai huce kafin ya koma. Na gwada bokitin roba, kafin azahar ruwan ya isa a dama koko da shi. Ina zaune ina hararar bokitin sai randar Inna ta faɗo mini a rai.

Randar babba ce, mai ɗan ɓallin baki a gefe guda. Tun ina yaro tana ƙofar gidanmu, a kan hanyar tasha, kuma ban taɓa shan ruwan da ya kai nata sanyi ba. Bayan rasuwar Inna aka shigar da ita ɗaki aka kife. Na je wurin Yaya na yi bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ta saurara har na gama.

"Randar Inna za ka ɗaura ma inji?"

Na ce saboda fim ɗin ne.

"Ɗauka. Amma in ta hwashe, kada ka dawo gidan nan, ka wuce Maraɗi kawai."

Randa ba ta sanyi sai tana shan iska, wannan kowa ya sani. Don haka na girke ta a waje, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, da ke jikin tagar shagona, na zuba mata jiƙaƙƙen yashi a gindi, na rufe da faifai, na zura tiyo biyu ta taga. Mai lagireto ya ba ni wani koren ruwa na mota, ya ce in zuba a ciki don kada tsatsa da gansakuka su toshe hanya. Na ajiye kwalbar a kan tebur, na ce sai na gwada da ruwa zalla tukuna. Na kunna. Famfo ya fara 'yar ƙararsa, ruwa ya zagaya, lambar da ke nuna zafi ta yi ta sauka. Kwamfutar da ke kururuwa ta yi tsit. Wallahi sai da na miƙe na taka rawa ni kaɗai a shago.

Ina cikin rawar na ji motsin faifai. Na leƙa ta taga. Wani direba ne, da kofinsa na silba, ya kamfata ya kafa kai. Ya shanye, ya goge baki, ya dube ni.

"Allah shi ba da lada, Malam. Amma ruwan naka da ɗan ɗumi."

Na juya na kalli koren ruwan nan a kan tebur, wanda da na zuba shi, da guba mutumin nan ya sha. Ni da aka haifa a garin nan, na girma ina ganin randar nan a bakin hanya, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa randa a bakin titi ta kowa ce. A ranar na mayar wa mai lagireto kwalbarsa.

Washegari na tarar wani bawan Allah ya ɗaura moɗa da igiya a jikin bedin, don ya taimaka mini. Na cire. Da yamma aka ɗaura wata. Na rubuta a kwali cewa wannan ruwan ba na sha ba ne, na jingina. Mutane sukan sha su ƙoshi, sannan su tsaya su karanta a natse. Maƙwabcina mai shayi ya kira ni gefe, ya ce in cire kwalin nan tun kafin a fara nuna ni da baki, domin ba a taɓa jin wanda ya girke randa ya hana ruwa ba. Na cire, ina ƙunƙuni.

Shi ɗin dai ne ya ƙara jiƙa mini aiki. Wani ya yi ƙorafin ɗumin ruwan a teburinsa, sai ya ce ai dole ya yi ɗumi, tunda ta cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta yake bi ya fito. Da wasa ya faɗa. Kafin mako ya zagayo, mata sun fara zuwa da 'ya'yansu masu shirin jarrabawa. Wata ta taso tun daga tsallaken iyaka da jarka, ta ce ɗiyanta uku ne a lakwal, wato makarantar boko, kuma duk kan nasu da tauri. Na rantse mata ruwan rijiya ne kawai. Ta ce ta gane, ba a faɗin irin wannan, ta cika jarkarta. Na sayi wata randar sabuwa na ajiye a gefe don masu ƙishi. Ba wanda ya kula ta, mai tiyo suke so.

Matsalar ita ce, in ruwan ya sauka ƙasa da bakin tiyo, famfo zai zuƙi iska, kwamfuta kuwa za ta dahu nan take. Duk da haka na ce ba zan ƙara jira ba. Na zaɓi rana, na cika randa taf tun da safe, na yi bismilla, na sa ta fara ɗinke fim ɗin. Ban san an tsayar da motoci a kan iyaka ba ranar. Kafin rana ta take, layin tireloli ya wuce shagona, direbobi da 'yan kamasho da fasinjoji duk sun sauko suna neman inuwa. Inuwa kuwa bedina ne, kuma ga randa a ƙarƙashinsa.

Na zama kamar mai tsaron gida a wasan ƙwallo. In leƙa allo, in ga aiki ya kai rabi, in fito in leƙa randa, in ga ita ma ta kai rabi. Na tare ɗan garuwa na juye jarkokinsa, amma ruwan nasa ya sha rana, lambar zafi ta fara hawa. Na aika wa Yaya cewa a kawo ruwan sanyi daga gida ko nawa ne. Ana nan sai na ji famfo ya yi tari. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na fito na tsaya gaban randar, na buɗe hannuwa, na ce yau ko wane ne ba zai sha ba.

Wanda ke gaban layi wani tsohon direba ne daga Nijar, gemunsa fari fat, da kofi a hannu. Bai yi mini gardama ba. Ya leƙa ta ƙarƙashin hannuna yana kallon bakin randar.

"Yaro, wagga randa na san ta. Ga ɓallin nan. Ba ta tsohuwar nan ta hanyar tasha ba ce? Tun ina yaron mota nike sha cikinta. Tana nan lahiya?"

Na ce ta rasu.

Ya yi salati, ya yi mata addu'a mai tsawo, mutanen da ke bayansa suka shafa. Sannan ya ci gaba da tsayuwa da kofinsa. Ban san lokacin da hannuwana suka sauka ba. Na matsa gefe. Ya sunkuya sosai kafin kofin ya taɓa ruwa, ina jin famfo yana ta tari a bayana, ni kuma na riga na sallama fim ɗin.

Daidai nan Yaya ta iso, da matan gidanmu a bayanta, kowacce da bokiti a ka. Sun kwashe ruwan randunan gida kaf. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta juye bokiti biyu, ta jawo bencin mai shayi ta zauna a gindin randar, ta karɓi moɗa. Duk wanda ta ba moɗa ɗaya, sai ta mayar da moɗa ɗaya daga bokiti. Masu jarka kuwa ta kore su da ido kawai. Famfo ya daina tari. Bayan la'asar fim ya kammala.

A nan cikin shago muka kalla, ni da ita, direbobi na leƙe ta taga. Aka yi kamu, aka yi rawa, aka nuna tukwanen abinci. Can sai ga ƙofar gidanmu, ga Inna ta ba kyamara baya, tana ɗaga faifan randa tana leƙawa. Na ji wannan wurin ya fi a ƙirga lokacin da nake yanka, har na rage kiɗa don muryarta ta fito. Inna ta juyo, ta harare ni.

"Kai, aje abin nan ka zo ka cika randa. Ba ka ganin mutane na wucewa?"

Yaya ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Da ta natsa sai ta tura mini bokitin da ya rage da ƙafa.

"To, ka dai ji."

Na ɗauka na fita. Akwai mutane a tsaye suna jira.