Layin Kawu Sale

Ranar wata Talata ce a cikin azumin bara, ina tsaye a bakin sito a Dubai Investments Park ana loda kwalaye, wayata ta yi ƙara. Wani mutumin Damagaram ne, ya ce ɗakinsu ɗaya da Kawu Sale a Sonapur, unguwar leburori. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Sai haƙuri, Habu. Kawunka ya cika da safen nan." Ashe ya daɗe a kwance a asibiti, ya hana a kira ni don kada a ɗaga mini hankali. Na ce to me ya sa ba a sanar da ƙungiyarmu ta Hausawa ba. Ya ce, "Wa za mu gaya wa? Ba mu san kowa a cikinku ba." Ina cikin shugabannin ƙungiyar nan, amma ban iya gaya masa ba.

A unguwar Satwa na tashi, nan cikin Dubai, a wani fulat da aka raba da katako, mu da wasu iyalai. Baba yana da shagon ɗinki a ƙasa. Aikina bayan makaranta shi ne in bi ƙasan shagon da maganaɗisu ina tsince allurai, in sayo burodi mai zafi a kwanar layi, in zubar da bokitin da ruwan AC yake ɗiga a ciki. Da yamma mu hau saman bene mu buga ƙwallo a tsakanin igiyoyin shanya, duk wanda ya ɓata zanen wata ya ji a jikinsa. A lokacin Juma'a ce ranar hutu, kuma ita ce ranar Kawu. Ƙanin Umma ne, lebura a kamfanin gini. Yakan zo da lemo a leda, tafin hannunsa kaushi kamar bulo, ya ɗora ni a wuya yana cewa, "Yalla, mu je, direba, ina muka nufa?" Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, tunda ƙanin mata abokin wasa ne.

Hausawan garin suna da ƙungiya, ita ke duba marar lafiya, ita ke tsayawa idan an yi rasuwa. Ana taro a wani lambu bayan la'asar, maza a kan tabarmi, mata a gefe da filas na shayi da masa, mu yara muna langa a kan ciyawa. Shekarar da nake aji huɗu aka yi ta gardama a kan yadda za a zaɓi shugabanni. Kawu ya ce kowace unguwa ta fitar da wakilinta, Satwa nata, Deira nata, Sonapur nata, domin wanda kowa ya zaɓa ba ya sanin kowa sai masu zuwa taro, su kuwa na Sonapur, mutum yakan kwanta ciwo a can ba a ji ba. Baba ya ce a'a, mu kaɗan ne a ƙasar mutane, idan aka fara rabon unguwa gobe sai a koma na Kano da na Nijar, 'yan kasuwa da leburori. A haɗu a zaɓa gaba ɗaya, shugaba ya zama na kowa. Yanzu da na girma na san Baba ma ba son zuciya ya sa shi ba.

Ranar da za a yanke magana aka ce a yi layi irin na gida, masu ra'ayin Baba su tsaya a bayansa, masu ra'ayin Kawu a bayansa. Babu wanda ya lura cewa ana shirin yanke hukunci a kan waɗanda ba sa iya zuwa taro ta hanyar ƙirga waɗanda suka zo. Yawancin mutanen Sonapur sun riga sun ruga don kada motar kamfani ta bar su. Kafin a ja layin Baba ya ce, yana dariya, "Sale, kai da ko ɗaki ba ka da shi, a gadon sama kake kwana, kai ne za ka raba mana gari?" Aka kwashe da dariya. Na jira Kawu ya rama kamar kullum. Murmushi kawai ya yi.

Sauran leburorin da suka rage suka miƙe. 'Yan kasuwan da ke bayan Baba su ne masu kai musu saƙo gida, kuma layi ba ya ɓoye kowa. Ɗaya bayan ɗaya leburorin suka sunkuyar da kai suka shiga dogon layin. Kawu ya tsaya a gindin bishiya, shi da wani dattijo. Kowa ya ga yadda abin ya kasance, amma mai ƙirga ya ce sai ya bi layin har ƙarshe, yana dafa kafaɗar kowa. Kawu bai zauna ba, bai kuma kalli kowa ba. Ni kuwa na bar wasa na koma bayan Umma, kunya ta rufe ni kamar daga bakina maganar ta fito. Umma ta yi ta goge kofin da ya riga ya bushe. Da aka ce khalas, an gama, Kawu ya je ya ba Baba hannu, ya taka zuwa tashar bas shi kaɗai.

Bai daina zuwa gidanmu ba, bai daina kawo lemo ba, amma bai sake taka wurin taro ba, kuma wasan da ke tsakaninsa da Baba ya mutu daga ranar. Sai gaisuwa cikin ladabi, wadda ta fi faɗa ciwo.

Yanzu Baba da Umma sun koma Kano. Mun yi yawa fiye da da, muna taro a zaure mai sanyi, muna zaɓe ta waya, amma fuskokin da ke zuwa irin na da ne. A wajen jana'izar Kawu mutanen ɗakinsa ne suka cika sahun gaba, mu shugabanni muna baya, ba mu san sunan ko ɗaya ba. Bayan Sallah na tayar da maganar wakilcin unguwanni a taro. Aka yi wa Kawu addu'a, aka ce a bari sai zama na gaba. Har yau Sonapur ba ta da wakili.