Hoton Zauren Malam Tanimu Wanzami

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da na ɗauki hoton Malam Tanimu Wanzami a zaurensa ba. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aikin lafiya, na yi kurakurai kamar kowa, amma wannan ne kaɗai idan na tuna nake jin abinci ya fita raina. Ku da kuka shigo aikin da waya a hannu, ku nake so ku ji.

A lokacin ni ne jami'in sashen tarin fuka a wani ƙaramin asibiti da ke cikin birni, ba nisa da Ƙofar Doka. Ga wanda bai san aikin ba, haka yake tafiya. Mutum ya zo da tarin da ya wuce mako biyu, sai a karɓi kakinsa a kai gwaji. In an samu cutar a buɗe masa kati, ya sha magani wata shida ba fashi. Watanni biyun farko a gaban ma'aikaci ake haɗiye ƙwayar. Daga nan a sake gwaji, in ya fito fes, to ya daina sa wa mutane, sai ya ci gaba da sha har ya cika. Wanda ba zai iya zuwa asibiti ba, mu ke bin sa gida. A samanmu akwai kodineta, Alhaji Lawal, wanda ke haɗa rahoton asibitoci ya tura gaba. Ofishinsa ne ke kula da tarin fuka da kuma cutar ƙanjamau, duka biyun a tebur ɗaya.

Malam Tanimu dattijo ne, ya haura sittin, wanzami ɗan wanzami. A cikin birni wanzami ba shago gare shi ba, gidaje gare shi, waɗanda ya gada daga ubansa. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke yi wa tsofaffi ƙaho. Ba a gayyatarsa. Da ya ji an haihu a ɗaya daga cikin gidajensa, ya san safiyar suna tasa ce. Abincinsa da mutuncinsa duk a kan yardar gidajen nan suke.

Da sakamakonsa ya fito, na ce masa ya nisanci jarirai har wata biyu. Bai yi mini gardama ba. Ya ɗaure hannunsa na dama da ƙyalle, ya ce wa mutane targaɗe ya yi. Abu ɗaya ya roƙe ni.

"Malam Sani, in za ka zo, kada ka sa farar rigar nan, kada kuma ka hau babur ɗin ofis. Ka shigo kamar mai neman aski. Ciwon zan iya da shi. Maganar mutane ce ba zan iya ba."

Haka muka yi. Kullum da hantsi nake ratsa lungu da ƙafa, ƙwayoyin suna aljihuna, ya haɗiye a gabana mu yi hira in tafi. Gwajin wata biyu ya fito lafiya lau. Ya kwance ƙyallen, ya wasa askarsa, ya koma bakin aiki.

A cikin wata na uku aka kawo mana sabuwar doka. Wai an gano wasu ma'aikata suna zama gindin bishiya su cika takardar ziyara ba su je ko'ina ba. Saboda haka duk ziyarar da aka kai gida sai an ɗauki hoto an tura guruf ɗin ma'aikata, wanda bai tura ba kamar bai je ba. Sharaɗi ɗaya aka kafa: a rufe fuskar majiyyaci. Har bita aka yi mana a kan yadda ake ɗora baƙar da'ira a kan fuska, muka ci shinkafa muka sa hannu.

Ranar Talatar na fito da waya, Malam Tanimu ya dube ni ya ce, "Ina hoton zai je?"

Na ce, "Ofis kawai, Baba. Kuma fuskarka ba za ta fito ba."

Ya ce, "To, na yarda da kai."

Na ɗauka yana miƙo hannu yana karɓar magani. Na rufe fuskar tsaf, na nuna masa, har ya yi dariya ya ce na mayar da shi tukunya. Na tura, na wuce gida na gaba.

Ni ɗan cikin birni ne, a nan aka binne cibiyata. Na san a wurinmu ba da lamba ake gane gida ba, da zaure ake ganewa. Zauren Malam Tanimu na ƙasa ne, da zane a saman ƙofar ciki wanda kakansa ya sa aka yi, babu irinsa a unguwar. A bayansa kuma ga zabirarsa, jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aiki, rataye a ƙusa, ga ƙahoni biyu a gefenta. Duk suna cikin hoton. Idona yana kansu amma ban gan su ba, don takarda ta ce fuska, ni kuwa fuska na duba.

Bayan kwana tara Alhaji Lawal ya ga hoton ya yi kyau, ya ɗauke shi daga guruf ya ɗora a shafinsa na sada zumunta, wanda kowa ke gani. Ya rubuta a ƙasa cewa ma'aikatansa suna bin masu tarin fuka da masu cutar ƙanjamau har gida a lungunan Birnin Zazzau. Abokansa suka yi ta sa albarka. Kafin la'asar wani ya rubuta a wurin sharhi: "Wannan ba zauren Tanimu Wanzami ba ne?"

Shi ke nan. Aka kwafe hoton da rubutun, ya shiga guruf ɗin unguwa, ya shiga na 'yan biki, ya shiga na tsofaffin ɗalibai. Ba wanda ya tsaya a kan tarin fuka, kowa ɗayar cutar ya ɗauka. Wata mata da har yau ban san ko wace ce ba, ta yi saƙon murya, tana rantsuwa tana gargaɗin iyaye mata su kiyayi askar da ta taɓa jinin mai ƙanjamau. Matata ce ta kunna mini shi a wayarta, ba ta san ni na ɗauki hoton ba.

Washegari da sassafe na tafi Tudun Jukun, gidan Alhaji Lawal, na same shi yana goge mota. Na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, hoton nan ya jawo masifa, a taimaka a cire.

Ya ce, "An rufe fuska ko ba a rufe ba?"

Na ce an rufe, amma an gane zauren.

"Na rubuta sunan wani?"

Na ce a'a.

"To ina laifin ofis? Mun bi ƙa'ida. Ku mutanen cikin birni komai sai kun mai da shi magana. Manya sun ga fostin ɗin nan, sun yaba. Wayar da kai muke yi, Malam Sani."

Sai da ya ƙara kwana biyu ya goge, shi ma don wani ɗan'uwansa ya yi masa magana ne, ba don ni ba. Gogewar ba ta amfana komai ba, hoton ya riga ya zauna a wayoyin da ba mu san adadinsu ba.

Na roƙi a ba ni izini in fito in ce mutumin nan tarin fuka ne ya yi, kuma ya daina yaɗa shi. Aka ce haramun, sirrin majiyyaci ne, duk ma'aikacin da ya faɗi cutar wani a bainar jama'a zai fuskanci kwamitin ladabtarwa. Dokar da ba ta hana a rataye shi a kasuwa ba, ita ce ta ɗaure mini baki da na zo wanke shi. Wannan abu ya ƙona mini rai, har yanzu kuma yana ƙona mini.

Na je wurin Malam Tanimu. Na tarar ya sauke zabirar daga ƙusa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce in ya sa hannu a takarda zan iya zuwa masallaci in yi bayani.

Ya ce, "Ka je ka ce musu me? Ba wancan ciwon ba ne, wannan ne? Sai su ce to dama da ciwon, ya ɓoye mana. Bar shi, Malam Sani. Kai dai ka ce mini ofis kawai."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na yi zaton zai daina shan magani, don da yawa a kan abin da bai kai wannan ba suke dainawa. Bai daina ba. Sai dai ya hana ni zuwa gidansa. Shi ke takowa asibiti da kansa, ya bi layi a idon kowa, ya ce ai babu sauran abin ɓoyewa. A watannin nan gidajensa suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kore shi da baki. Zai ji an haihu, ya je safiyar suna, a ce ai an yi askin tun jiya a asibiti. Wani gidan a aiko masa da goro da ɗan abin hasafi tun kafin ranar, wato kada ya wahalar da kansa. Da wata shida ya cika na rubuta masa takardar warkewa, na buga hatimi. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce zai nuna wa duk wanda ya tambaya. Daga baya ya gaya wa wani abokin aikina cewa ba wanda ya taɓa tambaya.

Saura abin da nake jin kunyar faɗa. Gidanmu yana cikin gidajensa. Ubansa ne ya yi mini kaciya, shi kuma ya yi wa 'ya'yana duka askin suna. Bayan warkewarsa da wata huɗu matar babban ɗana ta haihu, jikana na fari. Mahaifiyata, Inna, tana da rai a lokacin, ita ke da magana a gidan. Ta ce Tanimu ba zai taɓa kan yaron ba. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, ni na san haka fiye da kowa.

Ta ce, "In lafiyarsa ƙalau, me ya kai ku zaurensa da magani? Ba ku ne kuka nuna wa duniya ba?"

Iyayen mai jego ma suka aiko da irin wannan saƙo. Ina da bakin da zan tsaya in ce sai shi. Ban tsaya ba. Na ce a raina ai zai gane, ba zai zo ba. Aka kira wani wanzami daga wata unguwa.

Safiyar suna, an gama raɗa suna ana rabon goro, sai ga Malam Tanimu da wankakkiyar riga, zabira a kafaɗa. Ya yi sallama ya shigo zaure, ya tarar da baƙon wanzami ya riga ya ɗora jaririn a cinya, ya jiƙa masa kai. Ya tsaya ya duba yadda mutumin ya riƙe aska, sannan ya ce masa a hankali, "Sassauta hannu a maɗiga, ɗana." Ya juyo gare ni ya ce, "Allah ya raya, Malam Sani. Na ɗauka ko nan gidan an karanta takardar." Ya karɓi goro ɗaya ya fita. Ban bi shi ba.

Alhaji Lawal ya samu ƙarin girma a shekarar da ta biyo baya, ni ma na samu nawa a kan lokaci. Ba a taɓa kiran kowa gaban kwamiti ba, don a takarda ba a yi laifi ba. Malam Tanimu yana nan da rai. Ya koma zama a bakin wata rumfa yana wasa wa mahauta wuƙaƙe.

Abin da na koya game da aikinmu ba mai daɗi ba ne. Mun iya bin ƙa'ida don mu kare kanmu, mu kira shi kare majiyyaci. Hoton da ka tura wa mutum ashirin, ka tura wa duk wanda su ashirin ɗin suka sani, kuma ba ka da ikon cewa "ofis kawai", don ba kai ke riƙe da wayoyin ofis ba. Tun daga lokacin, in an ce in kawo shaidar ziyara, hannuna nake ɗauka riƙe da ƙwayar magani a jikin farar takarda, ba bango, ba ƙofa, ba tabarma. An sha yi mini tsiya a guruf wai hotunana ba su da kyau. In na biyo ta rumfar mahautan nan nakan gaishe shi, yakan amsa, har ya tambayi jikana da sunansa.