Kitson Inna Dijatu

Da sassafe Inna Dijatu kan fito daga unguwar Gidan Igwai, ta hau motar haya zuwa jami'a, ta kama sharar ɗakunan kwanan ɗalibai mata. Tana shara tana faɗa. Wadda ta zubar da ruwan wanki a hanya ta sha magana, wadda ta kwana da zazzaɓi kuma ta sha kunu daga hannunta. Bana ta yi ritaya, mu da muka san ta muka ce wallahi ba za ta tafi shiru ba, sai mun yaba mata.

Akwai wata ɗaliba, Khaula, gwanar kitso, wadda a da sai an yi layi a ƙofarta. Sai ciwon ƙwaƙwalwa ya same ta, irin mai sa mutum jin muryoyin da babu su. Ta yi jinya, ta dawo da magungunanta, ta samu sauƙi. Amma ina! Murja, abokiyar ɗakinta, ta kwashe katifa ta bar ɗakin. Ana ta raɗa: wa zai ba mahaukaciya kansa da kibiyar kitso a hannunta?

Wata Juma'a Inna ta tarar da Khaula tana ɗaure kaya, za ta bar karatu.

"Ina za ki, ɗiyata?"

"Gida, Inna. Ko gaisuwata ba a amsawa."

Inna ta jingine tsintsiya, ta ja tabarma tsakar fili inda kowa ke gani, ta tuɓe ɗankwali.

"Taho ki yi min kitso."

Khaula ta dubi 'yar furfurar da ta rage, dariya ta kuɓuce mata. "Inna, mi zan kama a nan?"

"Kama abin da kika samu!"

Da kibiya ta taɓa fatar kanta, gaban Inna ya faɗi, don ita ma ta sha jin raɗe-raɗin. Ta yi bisimilla a zuci, ta ƙara kwantar da kai a cinyar yarinyar. Ɗalibai na leƙe ta taga. Inna ta ɗaga murya: "Mi kuka kallo? Ciwo ne, tana shan magani, kamar yadda nike shan na hawan jini!"

Kowace Juma'a haka, ga kitson Khaula da tsauri, Inna ta koma gida da ciwon kai. Ranar da Murja ta zo ta tsuguna da mataji a hannu, Inna ta tashi ta ba ta wuri.

Inna Dijatu, uwar 'ya'yan wasu! Ke ce mai raka Khaula asibiti duk ranar da jikin ya motsa. Ke ce kika zauna lokacin da masu karatu suka gudu. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma ɗalibai, in irin Khaula na ɗakinku, kada ku jira mai shara. Ku zauna kusa da ita. Khaula dai ta kwance kayanta, kuma bara ta kammala digirinta.